Zanen hannu a jikin mota: aikin wani shago a Garwa

Asalin sana'ar shagon rubutu ce a jikin gingimari da bas-bas masu bin hanyar Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, amma suna karɓar aikin masu son mota ta fito irin ta tseren da: farar da'ira a ƙofa, baƙar lamba a tsakiya, layi biyu daga gaba har baya. Mai son shuɗi mai haske da ruwan lemo, launin kamfanin mai na Gulf da motar Ford GT40 ta ci tseren Le Mans na Faransa da shi a 1968 da 1969, suna haɗa masa kusa da na asali.

Hannun maigidan ba makusa. Yana zana lambar a takarda, ya bi layin da allura yana hudawa, ya manna a ƙofa, ya bubbuga da ƙullin garin gawayi. Shi ya sa ƙofofin biyu ke fitowa iri ɗaya. Salatif sai a dogayen layuka, kuma yana cire shi tun fenti na ɗanye, don kada baki ya yage. Fari yana masa shafa biyu. Gwangwanin kwatan lita ya ishi da'ira biyu har ya rage.

Inda aikin ke da rauni shi ne shiri. Yaran shago wanki kawai suke yi da omo, alhali sai an cire maiƙo, an goge wurin da sanfefa mai lamba 800 da ruwa, in ba haka ba fenti ya yi ramuka, daga baya ya ɓare. In tina, wato ruwan tsinka fenti, ta ƙare fetur suke zubawa, wanda ke kashe sheƙi ya bar sawun burushi. Ka sayi tinarka ka kai musu.

Shagon a buɗe yake, saboda haka ƙurar hunturu na zama a ɗanyen fenti. A Maris da Afrilu kuma, da zafi ke haura digiri 40, ƙarfe na ɗaukar zafi har fenti ya bushe a bakin burushi. A yi aikin da sassafe.

Kada ka yarda a fesa banish mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da maganin busarwa, a kan sabon fentin mai, yamutsewa zai yi. A jira makonni, a gwada a guntun kwano tukuna. Kuma a nesanta rubutu da bakin tanki, fetur na cin sa.