Firam ɗin tirela mai arha da na gina ɗakin kwana a kansa, ga yadda na same shi

'Yan uwa da dama a nan Columbus ta jihar Ohio a Amurka sun ta tambayata kan 'yar tirelar nan da nake ja da mota in za mu fita hutu, wasu ma ɗauka suke siyowa na yi a haɗe, to ni na gina ta a gareji, ƙarfen ƙasan kawai na saya, kuma a kan wannan ƙarfen nake so in yi magana don shi ne abin da mutum zai fara sa kuɗinsa a kai, in ya lalace duk wahalar katakon da ka sha a banza take. A taƙaice dai ya biya kuɗinsa, zan iya ba shi huɗu cikin biyar, amma fa da sharaɗin ka ɗauka rabin aiki suka sayar maka, ragowar rabin kai za ka ƙarasa.

Ga wanda bai san irinta ba, ƙaramar tirela ce mai siffar ɗigon hawaye, gabanta a kumbure bayanta ya zube ƙasa. Ciki katifa ce kawai da 'yan kantoci, ba a miƙewa tsaye, zama da kwanciya ne. Baya kuma akwai murfi da ake ɗagawa sama, nan ne kicin, kana tsaye a waje kake girki murfin yana yi maka inuwa. Tun shekarun 1930 Amurkawa ke yin ta a bayan gidajensu, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta ƙara bazuwa saboda alminiyon jiragen yaƙi da tayoyin jif da suka yi saura ana sayarwa da araha, har mujallar Mechanix Illustrated ta buga zanen yadda ake yin ta a 1947. Girman da aka saba ƙafa 4 ne a faɗi 8 a tsawo, kuma ba wani sirri ba ne, girman falankin filawud ɗaya kenan a ƙasar nan.

Da a gida ne wallahi ba zan sayi wannan abu ba, wajen mai walda zan je in zana masa a takarda ya yanko ƙarfe ya haɗa min yadda nake so. Nan kuwa kuɗin hannun mai walda kaɗai zai ninka kuɗin firam ɗin gaba ɗaya, shi ya sa yawancin masu gina irin wannan tirela suke zuwa manyan shagunan kayan aiki su sayi na cikin kwali wanda ake haɗawa da noti. Nawa bai kai dala 600 ba lokacin da na saya. Kwalayen suna da nauyi sosai, kar ka je kai kaɗai. A ciki akwai ƙarafan firam, aksil, sifirin, taya biyu masu inci 12, murfin taya, fitilu da wayoyinsu, sarƙa, da kan da ake maƙalawa a ƙwallon bayan mota, sai jakar noti da washa. Na ƙirga kayan bisa takardar da ke ciki babu abin da ya ɓata, wannan kam na yaba musu. Sun rubuta yana ɗaukar kusan kilo 800, wanda ya fi ƙarfin abin da ɗakin kwana irin wannan zai yi nesa ba kusa ba.

Takardar bayanin haɗawar ce dai ba ta da kyau, hotunan ƙanana ne, ƙarafa biyu masu kama da juna sai ka ƙura ido ka ƙirga ramuka kafin ka gane wanne ne na dama wanne ne na hagu. Kuma babu inda suka faɗi abu mafi muhimmanci, wato kar ka ɗaure noti ko ɗaya tamau sai ka gama jera komai. Ka bar su sako-sako, ka ɗauki tef ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan ka auna ɗaya ɓangaren, in awon biyu bai zo ɗaya ba firam ɗin a karkace yake, ka bubbuga shi da gudumar roba har ya daidaita sannan ka bi da sifana ka ɗaure. Abin da ya sa nake nanata wannan, falanki a miƙe yake zuwa daga kamfani, in ƙarfen ƙasa ya karkace ko da rabin inci ne to bango ba zai zauna ba, ƙofa za ta riƙa cijewa, murfin kicin kuma ya bar kafar da ruwan sama zai bi.

Sai maganar boris, nan ne na fi jin haushinsu gaskiya. Cibiyar tayar a haɗe take zuwa kamar an gama komai, mutum zai iya ɗora taya ya kama hanya. Da na cire murfin ƙurar na zare 'yar kusar da ke riƙe notin na fito da boris ɗin, abin da ke jiki ba giris ba ne, wani ɗan mai ne ruwa-ruwa mai haske da aka shafa don kar ya yi tsatsa a jirgin ruwa, da na goga farin tsumma a cikin ramin sai ga ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli a jikin tsumman. Wannan in ya yi tafiyar awa ɗaya a babbar hanya zafi zai ɗauka, boris in ya ƙone kuma taya tana iya fita gaba ɗaya mota na gudu, da mutane a bayanka. Na wanke su tas da kananzir, na bar su suka bushe, na zuba giris mai jure zafi a tafin hannuna ina danna boris ɗin a kai ina juyawa har sai da giris ya ɓullo ta ɗaya gefen ko'ina. Wajen mayarwa ka ɗaure notin kana juya tayar har ya kama, sai ka ɗan sassauta shi kaɗan yadda za ta juya ba tare da tana kaɗawa ba, sannan ka sa sabuwar kusa. Aikin yamma ɗaya ne da kuɗin gwangwanin giris, amma ya kamata a ce sun rubuta shi da manyan baƙaƙe a shafin farko, don ba kowa ne zai san ya buɗe ba. Har yanzu duk inda na tsaya shan mai sai na zagaya na ɗora bayan hannuna a kan cibiyar tayar, ɗumi ba komai, in ta yi zafin da ba za ka iya taɓawa ba to akwai matsala.

Wayarin ɗinsu ma sai a hankali. Filogi ne mai baki huɗu irin wanda kowa ke amfani da shi a Amurka, waya mai ruwan ƙasa ta fitilun dare, rawaya siginar hagu da birki, koriya ta dama, fara kuma ita ake ɗaurawa a jikin ƙarfe wuta ta bi ta firam ta koma. To firam ɗin da aka haɗa da noti kuma kowane ƙarfe da fenti a jikinsa ta ina wuta za ta bi? Shi ya sa za ka ga fitila ɗaya na kamawa ɗaya na ƙiftawa. Ni ban ma tsaya jayayya da shi ba, farar waya na ja daban zuwa kowace fitila, na zura wayoyin duka cikin bututun roba don kar gefen ƙarfe ya yanke su, fitilun kuma na canza zuwa LED saboda na cikin kwalin robarsu ba ta da kauri kuma ruwa na shiga.

Inda ya kamata mutum ya zauna ya yi tunani sosai shi ne wajen zaman aksil. Su sun yi firam ɗin ne don ɗaukar kaya kamar injin yankan ciyawa ko katako, don haka ramukan da suka huda kusan a tsakiya suke sa taya. Ita kuwa tirelar kwana nauyinta a baya yake taruwa, kicin ne a can, murhun gas, kula cike da ƙanƙara, jarkar ruwa, tukwane, ga shi kansa murfin da nauyinsa. In baya ya rinjayi gaba tirela za ta fara rawa a hanya tana jan bayan motar dama da hagu, abin tsoro ne ƙwarai musamman in babbar mota ta wuce ka iska ta buge ka. Ƙa'idar da masu jan tirela ke bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka a kan ƙwallon mota. Don haka na huda sababbin ramuka na matsar da aksil ɗin baya, ya zama wajen kashi 60 da wani abu na jikin yana gaban taya, batir kuma na sa shi a akwati a gaba. Wani amfanin kuma ƙofa ta samu waje, don in taya na tsakiya murfinta yana tare daidai inda ƙofa za ta zauna. Sikelin banɗaki na gida ya isa ka auna nauyin gaban, ka sa guntun katako a kai ka sauke kan tirelar, amma ka auna bayan ka loda kaya kamar za ka tafi. Abin da na ji daɗi a nan, da yake da noti aka haɗa shi ba walda ba, canza wajen bai ba ni wahala ba, diril mai kyau da ɗan mai a bakin ƙarfen hudawar ya wadatar.

Faɗin ƙafa 4 ɗin nan fa a yi la'akari da shi. In ka cire kaurin bango biyu abin da zai rage maka inci 45 ne ko 46, katifar mutum biyu mafi ƙanƙanta a nan inci 54 ce, ba za ta shiga ba, sai dai ka sayi soso ka yanka ka ɗinka masa riga. Ni da maiɗakina muna kwana amma a takure, wanda ke da jiki ko yana so ƙaramin yaro ya kwanta a tsakiya ya nemi mai ƙafa 5 tun farko ko da zai ƙara kuɗi, sai dai ya sani falankin ƙafa 5 ya fi wuyar samu kuma ya fi tsada. Jikin nawa filawud ne ciki da waje da farin soso mai tauri a tsakiya saboda sanyi, ƙasan na shafe shi da kwalta irin ta rufin gida kafin in ɗaure shi a firam da noti, saman kuma maimakon alminiyo na shimfiɗa kyanbas da gam ɗin katako na Titebond na bi shi da fentin waje har ya ƙoshi, ruwa bai taɓa ratsa shi ba. A sa fanka a rufi don Allah, ɗakin ƙarami ne, mutum biyu in suka kwana a rufe da safe bango jiƙe yake da gumin numfashi, kuma ko da wasa kar a kunna murhu ko hita mai gas a ciki, hayaƙinsa ba ya wari kuma yana kisa.

A hanya kuma fa? Mun fi zuwa gandun shaƙatawa na Hocking Hills, wajen awa ɗaya ne daga Columbus ta hanyar 33, akwai filin kwana kusa da kogon da ake kira Old Man's Cave, kuma ƙarshen hanyar hawa da gangara ne da kwana-kwana, to a nan na san aikin aksil ɗin ya yi, tana bin motar lafiya lau ba rawa, ƙaramar mota ce ma nake ja da ita. Abin da bai yi min ba shi ne sifirin. An yi shi ne don kaya mai nauyi, tirelar kuma ba ta kai nauyin da zai danne shi ba, sai ta riƙa tsalle a kan kowane ɗan rami, muka isa na ɗaga murfin kicin na tarar kofuna sun zubo, garin shayi ya watse a kan kanta, ƙwai biyu sun fashe a cikin kwalinsu. Na cire ganye ɗaya daga kowane sifirin abin ya yi sauƙi sosai. Tayoyin kuma ƙanana ne, sun fi na mota saurin juyawa don haka sun fi ɗaukar zafi, ka duba gudun da aka rubuta a gefen tayar da cikin takarda ka tsaya a kai, ni layin dama nake bi duk mai sauri ya wuce. Ba sa haɗowa da safaya, ka saya a ranar tare da sifanar da ta dace da notinta don ta motarka ba lallai ta shiga ba.

Fentin ƙarfen siriri ne, sifana ma tana kankare shi, kuma a Ohio gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, duk inda ya kankare tsatsa za ta kama kafin bazara. Tun kafin ka ɗora katako ka bi shi da samfefa ka sake masa fentin hana tsatsa, don in ɗaki ya hau kai akwai wuraren da hannunka ba zai ƙara kaiwa ba.

Takardu kuma, kar ka bar shagon sai sun ba ka takardar shaidar ƙira, ka duba lambar da ke jikinta ta yi daidai da wadda ke manne a wuyan firam ɗin, ni sai da na koma washegari don mai karɓar kuɗin ta manta ba ta sa min a jaka ba, sun dai ba ni ba gardama. In za ka yi fenti ka rufe lambar da salatif kar ta shafe. Dokar rajista kowace jiha da tata, a Ohio ƙaramar tirela irin wannan lamba kawai ake yi mata amma suna so su ga shaidar nauyinta, ni na kai ta sikelin manyan motoci da ke gidan mai na bakin hanya bayan na gama ginin, aka ba ni takardar awo na haɗa da waccan na kai ofishin lamba.