Sassaƙe faifan birki ko sayen sabo: amsa ga mai motar gudu

Malam, a kan ko a sassaƙe faifan birki a injin kankare ƙarfe lokacin sauya takalmin birki, wato abin da ke matse faifan don mota ta tsaya, ko kuwa a sayi sabo, shawarata ita ce ka sayi sabo, amma ka fara sa bakanike ya auna kaurin tsohon da ma'auni, ba da ido ko farce ba. A jikin kowane faifai masana'anta ta buga lambar da ke nuna iyakar siririn da aka yarda ya kai. A BMW 335i irin tawa, faifan gaba yana zuwa da kaurin milimita 30, iyakarsa kuwa 28.4, wato duk abin da aka bar wa takalmi ya ci bai wuce milimita 1.6 ba. Idan tsohon takalmi ya riga ya cinye rabin wannan, sannan mai injin ya ƙara kankare fuska biyu, to abin da ya rage ba zai kai sabon takalmin ƙarshen rayuwarsa ba.

Dalilin da ya sa wannan ya fi damun mota mai gudu shi ne, aikin birki mayar da gudu zafi ne, kuma ƙarfen faifan ne ke ɗaukar zafin kafin iska ta kwashe shi, saboda haka duk abin da aka rage daga ƙarfen an rage ne daga juriyarsa. Ni sababbin faifai na kamfanin Zimmermann na ɗaura a gaba tare da takalmin kamfanin Textar, kuma da na sauko Hawan Kibo daga Jos da iyali cike da mota, ina bayan tirela ina taka birki ba hutawa, feda ba ta yi laushi ba, sitiyari bai yi rawa ba, har maiɗakina, wadda ba ta sake jiki a wannan gangaren, ta yi barcinta. Kuɗin da na biya ya yi mini zafi a ranar, amma ban sake tunawa da shi ba.

Sassaƙa kuwa tana da araha, kuma tana iya yin amfani ga faifai mai sauran kauri da ya ɗan yi zane, in an sami mai injin da hannunsa ya faɗa. Iyakar alherin da zan iya faɗa a kanta ke nan. Faifai mai huji-huji ba a cika sassaƙe shi ba, musamman idan tsaga ta fara fitowa daga bakin hujin, na kabon da yumɓu da ke zuwa a wasu motocin Porsche da Mercedes-AMG kuwa ba a kai shi injin ko kaɗan. Idan kuma awo ya nuna kauri na nan, fuska sumul, babu rawa in an taka, to babu ma buƙatar taɓa shi, takalmin kawai za a sauya.

Ka yi hattara a kasuwar kayan gyara, ko da yake ba ka tambaya ba. Akwai masu ɗaukar tsohon faifai na gwanjo su kankare shi, su shafa masa fenti, su sa a kwalin kamfanin kayan birki na Brembo su ce sabo ne, wasu har da goge lambar iyakar kaurin. Ka tafi da lambar shasin motarka da ma'auninka, ka auna a gaban mai shagon, kuma duk faifan da ba ka ga lambar iyakar kaurin a jikinsa ba ka bar masa kayansa.

Ka sauya faifan dama da na hagu tare, a goge tsatsar mazaunin faifan kafin a ɗaura, sannan a kwanakin farko ka riƙa taka birki a hankali daga matsakaicin gudu, kada ka danne feda a tsaye alhali faifan na da zafi, domin takalmin ya zauna daidai.