Ƙwaya, zama da likita ko na'ura: me ya cancanci kuɗinka a ciwon damuwa?

Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon damuwa ko fargaba ya san yadda ake fitar da kuɗi a gigice. Yanzu kuma tallan "gyaran ƙwaƙwalwa" ya cika wayoyinmu, kowa da na'urarsa. Kafin a sayar da tunkiya a biya, ya kamata a san me ake saye.

Ƙwaya ce mafi araha, kuma ana rubuta ta a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano. Fluoxetine, wadda Amurka ta amince da ita a 1987, da 'yar'uwarta sertraline suna taimaka wa damuwa da fargaba duka. Illarsu jinkiri, domin sai an yi mako 2 zuwa 6 kafin a ga canji. Ƙanwata ta tura maganinta ƙarƙashin katifa a rana ta goma, tana fama da tashin zuciya, ta ce mini, "Yaya, wahala kawai yake ba ni." Da ƙyar muka lallaɓa ta ta koma wurin likita. A mako na biyar ta fara barci, ta koma kan keken ɗinkinta. Bayan an samu sauƙi ma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, ba a yankewa lokaci guda. Diazepam kuwa, da ake karɓowa a kemis ba takarda, tana kwantar da fargaba nan take, amma jiki na saurin sabawa da ita. Ni ban yarda da ita ba sai a hannun likita, na 'yan kwanaki.

Zaman tattaunawa na CBT, wanda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, yana koya wa mutum kama mugun tunani kafin ya yi jijiya. Zama 12 zuwa 20 ne, kuma abin da aka koya yana nan bayan an gama. Samun ƙwararre ne wuya.

Sai na'urori. TMS maganaɗisu ne da ake ɗorawa a gefen goshi, mutum na zaune ido biyu. Amurka ta amince da shi a 2008 don wanda ƙwaya ta ƙi yi wa aiki. Sai dai kwana 5 ake zuwa a mako, har mako 4 zuwa 6, ga tsada, ga kuɗin mota da masauki. ECT, wato lantarkin da ake sa wa ƙwaƙwalwa, wanda mutanenmu ke jin sunansa su firgita, ya girme su duka: a Roma aka fara shi a 1938. Yau da allurar barci ake yi, sau 6 zuwa 12. Yana iya jawo mantuwa, amma ga wanda ya daina ci da magana ba na'urar da ta kama ƙafarsa.

Wanda nake ja da baya da shi shi ne horar da ƙwaƙwalwa ta allon kwamfuta, da hulunan lantarki da ake sayarwa a intanet. Hujjarsu ba ta kai kuɗinsu ba. Haka mai cewa hoton ƙwaƙwalwa zai nuna masa damuwarka. Da tambayoyi likita ke gano ta.

In kuwa maras lafiya ya fara ambaton kashe kansa, a bar kwatanta farashi, a kai shi asibiti yau, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki.