Dandalin Kiɗan Rok da Filin Dambe na Argungu

Kiɗan rok, wanda ya samo asali a Amurka a shekarun 1950, ƙarfinsa yana ga jitar lantarki da manyan lasifikoki, har sauti ya riƙa girgiza ƙirjin dubban mutanen da ke amsa waƙa da murya ɗaya. Wannan farin ciki ne na gaske, sai dai mawaƙin bai san sunan kowa a taron ba. A filin dambe na bikin kamun kifin Argungu kuwa, wurin da na fi ƙauna, kalangu ba ya jiran wutar lantarki. Makaɗi yakan matse tsirkiya ya kira ɗan dambe da kirarinsa har tsuma ta kama shi, sannan 'yan kallo su ɓarke da sowa tun kafin a kai naushin farko.