Ruwa-biyu ko buroila? Amsa ga ɗan'uwanmu na Aboabo

Wa alaikumus salam, Malam. Kan tambayarka ta ko ka zuba buroila ko kajin ruwa-biyu a ɗan filin bayan gidanka, ni dai na ce ka ɗauki ruwa-biyu.

Su nake kiwo a Asawase, nan Kumasi, irin Sasso ɗin nan masu jan gashi, waɗanda asalinsu daga Faransa ne. Akwai kuma Kuroiler na Indiya da Noiler na Najeriya, duk tafiyarsu ɗaya: an haɗa jini ne don a samu kaza mai kama da ta gida amma mai saurin cika. Abin da ya fara sa na ƙaunace su shi ne makonnin farko. Na taɓa samun 'yan tsakin gida da wata kazata ta ƙyanƙyashe a makon da na kawo na Sasso, suna cin abinci ɗaya. Kafin wata ya cika, in ka ɗaga na Sasso a hannu sai ka ji nauyi, ƙafa ta yi kauri, ƙirji ya fara faɗi, na gidan kuwa har yanzu gashi ne da ƙashi. Kazar gida zalla takan kai wata biyar tana neman kilo 1. Ruwa-biyun da ya samu abinci sosai yakan kai kilo 2 a wajen mako 12, zakarun ma su riga.

In lissafin abinci kaɗai za a bi, buroila ta fi. A mako 6 zuwa 7 ta wuce kilo 2, kuma ba ta cin kilo 2 na abinci kafin ta ƙara kilo 1 na jiki, alhali ruwa-biyu yakan ci kilo 2 da rabi zuwa 3. Wannan haƙƙinta ne, na ba ta. Sai dai duk ƙwayar da za ta ci daga buhu take fitowa, zafi kaɗan ya kwantar da ita, kuma ranar da ta isa sayarwa dole ka sayar, in ba haka ba kullum cin ribarka take yi. Ga kuma kajin kankara da ake shigowa da su daga waje, waɗanda su ne mafi yawan naman kazar da ake ci a Ghana. Mai ɗan keji a bayan gida ba zai iya karya farashi da su ba.

Ruwa-biyu ba ya shiga wannan gasar. Mai suna, mai walima, mai neman zakaran Sallah, jar kaza mai rai yake so, wadda namanta ke da ɗan tauri, ba ya narkewa a miyar gyaɗa. In kasuwa ta yi sanyi wannan makon, ka bar su zuwa na gaba, ba abin da zai same su. Matan kuma ka ajiye su yi maka ƙwai. Bayan mako 5 ko 6 nakan fara sakin nawa da rana, su tsinci ƙwari da ganye, in haɗa musu da dusar masara daga wajen masu koko, dusar alkama da ɗan garin busasshen kifi. A nan ne kuɗin buhu ke sauka. Nauyin zai ɗan ja baya kaɗan, amma aljihu yana numfashi.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka yi tsumulmula a wata na farko. Mutanenmu da yawa suna jin an ce "jinin gida ne" sai su watsa wa ɗan tsako tsakin masara su tafi. Ɗan tsakon da ya tsumbure a mako 4 na farko ba ya kamo 'yan'uwansa, ko me ka ba shi daga baya. Sayi abincin 'yan tsaki na buhu, mai furotin kashi 20 cikin 100 ko sama. Ka ba su ɗumi, musamman makon farko, kuma ka tanadi gawayi don wuta na iya ɗaukewa da dare. In sun cure wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun gudu bango zafi ya yi yawa. Shimfiɗa kuma ka nemi ɓawon katako busasshe, ana samu a kasuwar katako ta Sokoban, ka riƙa canzawa da damina, don jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke kawo kashin jini. Rigakafin cutar Gumboro da na cutar Newcastle duk a watan farko ake fara su, ka je ofishin likitan dabbobi su rubuta maka ranakun. Ruwa-biyu yana da juriya, amma Newcastle ba ta san wannan ba, balle lokacin hunturu.

Sai batun masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Akwai masu kwaso 'yan zakarun kajin ƙwai, waɗanda gidajen ƙyanƙyasa ke sayarwa da arha, su ce maka ruwa-biyu ne. Suna ci kamar gara, wata uku ka ga dogayen ƙafafu babu tsoka. Wasu kuma jikoki suke sayarwa, wato sun haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu a gida, sai 'ya'yan su fito wani babba wani ƙarami. Kada ka sayi ɗan tsako a kwali a bakin titi. Ka nemi dillalin da zai faɗa maka gidan ƙyanƙyasar da ranar da aka ƙyanƙyashe, ya ba ka rasit, ka duba cibiya ta bushe, ido a buɗe, ƙafa ba ta lanƙwashe ba. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, ka bar masa kayansa.

In kana da kajin gida masu tsiraicin wuya ko shazumama, wato masu murɗaɗɗen gashi, kada ka yanka su. Ƙarancin gashin nan yana taimaka musu da zafi, malaman kiwo na jami'ar KNUST ta Kumasi ma sun yi bincike a kansu. Ka ware zakara ɗaya mai kyau cikin ruwa-biyun ka sake shi a cikinsu, su za su yi maka kwanci, tunda matan ruwa-biyu ba su cika kwanciya kan ƙwai ba.

Fara da 50. Ka ƙirga wata uku baya daga Sallah, ka sa oda tun kafin lokacin, don 'yan tsaki kan yi wuya in buki ya matso. Allah ya sa albarka.