Hattara da masu "lab" na Instagram: suna cin kuɗin albam, su kuma riƙe hotunan biki

Assalamu alaikum jama'a. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kano, kuma na rubuta wannan ne musamman saboda amare da iyayensu mata, da angwaye, da ƙannena masu kyamara da suka shigo sana'ar kwanan nan. Akwai shafuka a Instagram da Facebook da TikTok da ke kiran kansu lab, wai suna wanke hoto, suna haɗa albam da firam, suna aikawa ko'ina a Najeriya har Maraɗi da Damagaram. Da yawansu ko injin wanke fasfo ba su da shi. Waya ce kawai a hannunsu, sai lambar asusu.

Ba zan kama suna ba, domin sunan ba ya kwana biyu. Shafin da ya cuci wata a wannan watan, wata mai zuwa da wani suna za ki gan shi. Salon aikin ne ba ya canzawa, shi ya sa shi zan bayyana.

Da bidiyo suke fara kama mutum. Za ki ga hannu yana buɗe albam mai bangon fata, shafuka masu kauri suna kwanciya shar, akwati mai gilashi, sunan amarya da ango da ruwan zinare. Aikin na gaske ne, amma ba nasu ba ne. Daga shafin wani lab na Legas ko Dubai ko Indiya suka kwaso, suka rufe tambarin mai shi da nasu. Sai farashi ya biyo baya, kusan rabin abin da mai hotonki ya faɗa miki, da cewa yau da daddare rangwamen zai ƙare. A nan ne amarya take fara zargin cewa mai hotonta ne ke son cutarta. Wannan yana min ciwo ƙwarai, domin mu da muke zuwa lab da ƙafarmu mun san kuɗin takarda da na bango, mun san ba yadda za a yi albam irin wancan ya fito a wannan farashin. Araha dai ba ta ado.

Da an tura kafin alƙalami, rabi ko fiye, sai labarai su fara. Yau babu wuta, gobe inji ya tsaya, jibi takarda ta maƙale a hanyar Legas. Can sai a turo hoton wani kwali naɗe da salatif, a ce an kai tasha, a ƙaro kuɗin direba. A ba ki lambar direban, ki kira, wani ya ɗauka ya ce eh kayan suna motarsa, amma sai an biya shi zai tashi da su. Abokinsu ne, ko ma mutumin ne da layinsa na biyu. Ranar da kika ɗaga murya, a ranar za a toshe ki.

Waɗannan ɓarayin fili ne. Akwai kuma waɗanda suke kawo kayan, kuma a ganina sun fi yawa, sun kuma fi wahalar kamawa, saboda in kika yi magana za su ce ai sun cika alƙawari.

Bari in yi bayanin bambancin. A lab na gaske, irin mai injin Noritsu ko Fuji Frontier, ba tawada ake fesawa a kan takarda ba. Takardar kanta ce mai jin haske. Inji ya haska hoton a kanta, ta bi ta cikin ruwan sinadari, a wanke ta, a busar. Launin yana cikin jikin takardar. Idan kika juya bayanta, sau da yawa za ki ga sunan kamfanin da ya yi ta a rubuce dishi-dishi, kamar Fujicolor Crystal Archive ko Kodak. Akwai kuma labs na kirki da ke aiki da manyan injinan tawada, amma tawada mai tsada wadda aka yi don ta daɗe, musamman wajen manyan firam da kanbas. Su ma ba ni da matsala da su. Wanda nake magana a kansa shi ne mai ƙaramar firinta ta ofis, da tawadar ɗurawa ta kwalba, da takarda mai sheƙi mafi araha a kasuwa. Ya buga, ya manna a kwali da gam, ya lulluɓe da leda, ya kira shi albam.

Ranar farko yana ƙyalli, kowa ya yaba. Kafin shekara ta zagayo, firam ɗin da ke fuskantar taga ya koɗe, baƙin mayafi ya koma ruwan ƙasa, fuskar amarya ta yi jajaja-jajaja. Albam kuwa da zafin bazara gam ya saki, gefen shafi ya ɗago, da damina raɓa ta shiga ƙarƙashin ledar, launi ya malale. An taɓa kawo min wani in gyara. Leshin uwar amarya, wanda na san yana da zane ƙanana-ƙanana, ya zama fari fat kamar an shafa alli, shafuka biyu kuma sun manne da juna, da aka ɓamɓare sai fuskar kakar ango ta biyo ɗaya shafin. Tsohuwar ta riga ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Abin da ya cece su shi ne mai hoton bai goge asalin hotunan ba.

Akwai alama guda da ke tona asirinsu tun kafin ki biya ko sisi: yadda suke karɓar hotuna. Duk wanda ya ce "turo su ta WhatsApp kawai" bai ƙara komai ba, ba ma'aikacin lab ba ne. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto, ya rage girmansa, ya zubar da mafi yawan bayanan da ke ciki. A waya ba za ki lura ba, a takarda ne abin ke fitowa. Ƙa'idar da ake bi wajen wanki mai kyau ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Kenan ƙaramin hoto mai inci 4 da 6 yana son fiksel (wato ɗigon hoto) 1200 da 1800, mai inci 8 da 10 yana son 2400 da 3000, mai inci 12 da 18 kuwa 3600 da 5400. Babban firam da ake kallo daga nesa yana iya jure ƙasa da haka, amma albam a hannu ake riƙe shi, ido a kusa. Hoton da ya bi ta WhatsApp sau biyu sau uku, daga mai hoto zuwa amarya zuwa ƙawarta, da ƙyar ya isa ƙaramin, balle shafin albam.

Lab na gaske zai ce a turo ta WhatsApp a matsayin Document, wato fayil ba hoto ba, ko ta Google Drive, ko a kawo a filashi. Zai buɗe ya duba, ya ce wannan ya yi ƙanƙanta, a nemo asalinsa wurin mai hoto. Zai tambaya mai sheƙi ake so ko marar sheƙi. Zai gaya miki cewa hoton kyamara yana cika inci 4 da 6 daidai, amma in za a mai da shi 8 da 10 dole a yanke wani abu, ya nuna miki inda yankan zai bi don kada a datse goggoro ko a cire wani daga gefe. Zai kuma turo tsarin shafukan ki amince kafin ya buga. Wanda bai yi ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba, sai lambar asusu yake ta nanatawa, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa ba kuɗin ba ne. Hotunan ne. Albam ɗin biki ba hotunan dina kaɗai ba ne. Akwai na sa lalle, da na kamu, da na cikin ɗaki inda mata suke sake jiki babu mayafi saboda sun san su kaɗai ne. Sai a tattara duka a tura wa mutumin da ba a san fuskarsa ba, ba a san garinsu ba. Wasu suna ɗora su a shafinsu a matsayin talla don jawo wasu amaren, ba da izinin kowa ba. Wasu kuma, da an matsa musu a kan su dawo da kuɗi, sai su juyo da barazana: ki yi shiru ko mu watsa. Yarinyar da ba ta wuce wata guda a gidan miji ba, ta ina za ta fara? Sai ta haɗiye, wani lokaci ma ta ƙara musu kuɗi. Don Allah kada a biya, domin wanda aka ba sau ɗaya zai dawo. A gaya wa miji ko yaya ko uba a ranar. Irin wannan barazana laifi ce a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane.

Kafin ki biya kowa, gani ya kori ji. Ki nemi adireshi, ki je ko ki tura ɗan uwa ya ga injin yana aiki. In a wani gari suke, a yi kiran bidiyo, ki ce ya nuna miki inji da allon shagon kai tsaye, ba wanda aka ɗauka tun jiya ba. A Instagram ki danna ɗigo ukun da ke saman shafin, ki shiga About this account, zai nuna lokacin da aka buɗe shafin da ko an sha canza masa suna. Hotunan tallansu ki gwada su a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sau da yawa ainihin masu aikin za su fito. In sun ce suna da rajista, shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, yana ba kowa damar binciken sunan kamfani. Wajen taransifa ki tsaya ki karanta sunan da ya fito. In shafin na kamfani ne amma asusun na wani mutum ne daban, gobe kuma a ba ki wani asusun, ki dakata. Sannan ki fara da hoto ɗaya ko biyu marasa sirri, a wanke ƙanana. In sun iso ki juya bayansu, ki ɗiga ruwa a gefe ki shafa da yatsa. Na gaske ba ya zuba.

Ku kuma 'yan uwana masu kyamara, kada ku miƙa wa kowa memori ko filashin da shi kaɗai ne ke ɗauke da aikin mutane. A kwafa a wuri biyu tukuna. Kuma in za ku ba wani dillali aikin albam, ku tuna sunanku ne a bakin amarya, ba nasa ba.

Wadda abin ya riga ya faɗa wa, kada ta goge hirar don ɓacin rai. Ta ɗauki hoton allon komai: shafin, hirar, lambar waya, lambar asusu da risit ɗin taransifa, tun kafin su goge nasu. Ta kira bankinta nan take ta shigar da ƙorafin damfara, domin da wuri ne ake iya tsayar da kuɗi kafin a kwashe. Daga nan ta kai rahoto ofishin 'yan sanda ko EFCC da waɗannan shaidu. Wadda aka kawo wa aikin banza kuma aka ƙi gyarawa, tana iya kai kuka hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ajiye albam ɗin yadda ya zo a matsayin shaida. Ta kuma koma wurin mai hotonta tun yanzu ta karɓi asalin hotunan a filashi, saboda ba kowa ne ke ajiye aikin biki fiye da 'yan watanni ba.