Sharhi kan maganin feshi da ƙyallen goge gilashin babur da na hular kwano

Kayan da nake sharhi a kansu wani ƙunshi ne da ake sayarwa musamman domin tsabtace gilashin gaban babur da na hular kwano, wanda ya ƙunshi ƙaramar kwalbar feshi da ƙyalle biyu na maikurofaiba, wato yadi mai siraran zare, ɗaya mai kauri domin sharewa, ɗaya kuma mai santsi domin ƙarasa guga. Na yi amfani da su a lokacin ƙura da lokacin ruwan sama da kuma tafiyar dare, kuma ra'ayina shi ne suna da amfani, sai dai ba su kai yadda rubutun jikin kwalbar yake zuzuta su ba, domin mafi yawan aikin ruwa mai tsabta ne yake yinsa tun kafin a kai ga feshin.

Dalilin da ya sa aka keɓe wa waɗannan abubuwa maganinsu daban shi ne ba irin gilashin taga ba ne. Kusan duk gilashin hular kwano na zamani da wata roba mai suna polikabonet ake yinsa, wadda Hermann Schnell na kamfanin Bayer a Jamus da Daniel Fox na kamfanin General Electric a Amurka suka gano a shekarar 1953, kowa a nasa ɓangaren. Gilashin gaban babur kuwa ko dai polikabonet ne ko kuma akirilik, wanda aka fi sani da sunan Plexiglas. An zaɓi polikabonet ne saboda yana jure duka, har tsakuwa ta taso daga tayar motar da ke gaba ta same shi ba tare da ya tarwatse a fuskar mutum ba. Amma samansa ba shi da tauri, shi ya sa ake yi masa wani siririn shafi mai hana karcewa a waje, wasu kuma a ƙara musu shafin hana hazo a ciki. Saboda haka duk mai goge hular kwano wannan shafin yake gogawa, kuma idan ya sale ba a iya mayar da shi a gida.

A nan ne na fara samun saɓani da umarnin da aka rubuta a kwalbar, wanda bai wuce a fesa sannan a goge ba. Ƙurar hanya cike take da ɓarɓashin yashi, shi kuma yashi yawancinsa ma'adinin kwaz ne, wanda yake da maki 7 a ma'aunin tauri na Mohs da ya ƙare a 10. Gilashin taga kansa bai kai wannan makin ba, balle roba. Domin in tabbatar, na ɗauko wani tsohon gilashin hula da na daina amfani da shi, na bar shi ya yi ƙura, sannan na goge rabinsa da feshi kai tsaye kamar yadda aka umarta, ɗaya rabin kuma na fara ɗauraye shi da ruwa. Da na ɗaga shi a gaban fitila ina juya shi a hankali, sai ga sababbin siraran layuka sun bi sawun hannuna a ɓangaren farko, alhali ɗaya ɓangaren babu abin da ya ƙaru a kan tsofaffin tabonsa. Feshin yana rage gogayya, amma ɗan ruwan da ke fita daga kwalbar bai isa ya kwashe yashi daga kan gilashin ba, sai dai ƙyallen ya riƙa jansa a kai.

Tun daga nan tsarin da nake bi shi ne in cire gilashin daga jikin hular, in zuba masa ruwa mai ɗan ɗumi har ƙurar ta sauka da kanta, in sa ɗigon sabulun ruwa marar ƙarfi in shafa da tafin yatsuna, in ɗauraye, sannan in tsane ruwan ta hanyar ɗora ƙyalle ina dannawa a hankali. Bayan haka ne nake fesa maganin a jikin ƙyallen in bi gilashin a miƙe daga gefe zuwa gefe. Idan aka bi wannan tsari, feshin yana nuna ƙwarewarsa. Yana cire shatin yatsu da wannan maiƙon da hayaƙin manyan motoci yake bari, wanda ruwa kaɗai ba ya iya masa, kuma ba ya barin zane-zane bayan ya bushe. Yana barin santsi da ke sa ruwan sama ya dunƙule ya gangare idan ana gudu, ta yadda ɗan juya kai zuwa dama ko hagu ya isa iska ta share gilashin. Na kuma lura ƙura ba ta saurin mannewa kamar dā. Sai dai a cikin cunkoso, inda babu iskar da za ta kori ɗigon, amfanin nan yana raguwa sosai, kuma santsin ba ya wuce wanki ɗaya ko ruwan sama mai ƙarfi.

Ƙwarin da ke fashewa a gilashi da magariba su ne jarrabawar da maganin ya faɗi. Idan suna ɗanye yana cire su, amma idan suka kwana suka bushe, ko an fesa sau nawa sai mutum ya ji yana son ya sa farce, wanda kuma shi ne abin da bai kamata a yi ba. Abin da yake aiki shi ne a jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi a shimfiɗa shi a kan gilashin na 'yan mintuna, idan aka ɗaga sai a tarar sun yi laushi sun bi ƙyallen.

An kuma rubuta cewa maganin yana gusar da ƙananan karce, kuma wannan magana tana buƙatar gyara. Abin da yake yi shi ne cike ramukan na ɗan lokaci, su ɓoye wa ido da rana, sannan su dawo bayan wanki. Gilashin gaban babur na akirilik wanda ba shi da shafi ana iya goge shi da man gugar roba har karcen ya ragu da gaske, amma idan aka yi wa polikabonet mai shafi haka, shafin ake cirewa, kuma wurin yakan ƙara dushewa. Da dare ne ake gane gaskiyar lamarin, lokacin da hasken fitilar motar da ke tahowa ya bugi karcen ya watsu ko'ina ya kashe wa mutum ido. Gilashin hular da ya kai wannan matsayi, ko wanda rana ta mayar da shi rawaya-rawaya, babu feshin da zai cece shi, sauyawa kawai yake buƙata.

Ban yarda a fesa shi a cikin gilashin hula ba, ko da yake kwalbar ba ta hana ba. Shafin hana hazo yana aiki ne ta hanyar shanye danshin numfashi ko baza shi ya zama shimfiɗa guda, shi kuma wannan feshi korar ruwa yake yi domin ya dunƙule, don haka aikinsu ya ci karo da juna. Haka nan ƙaramin gilashin ciki mai hana hazo irin na Pinlock, wanda ake maƙalawa a kan ƙusoshi biyu, kuma zagayen silikon ɗinsa yake tsare iska tsakaninsa da babban gilashin, ya fi na waje laushi ƙwarai. Shi ruwa kaɗai nake sa masa, in jingine shi ya bushe da kansa ba tare da na goge ba.

Babban alherin mallakar irin wannan kwalba, a ganina, shi ne tana hana mutum ɗaukar abin da ya fi kusa da hannunsa. Yawancin magungunan goge tagar gida suna ɗauke da amoniya, wadda take cin shafin ta kuma dusar da robar. Fetur da tina da asiton (ruwan cire fentin farce) sun fi muni, domin suna haddasa ƙananan tsage-tsage a cikin robar, musamman kusa da ramukan noti na gilashin gaba inda take a matse, kuma robar da ta yi haka ta rasa ƙarfin da aka saye ta dominsa. Takardar tishu ma da zaren itace ake yinta, tana barin nata sawun, haka hannun riga da bayan safar hannu waɗanda suka riga suka kwashi ƙurar tafiya.

Ƙyallen biyu su ne suka fi burge ni a cikin ƙunshin. Zarensu na poliyesta da nailan sirara ne ƙwarai, suna ɗauke datti su riƙe shi a cikinsu, amma wannan halin nasu yana nufin idan ɗaya ya faɗi ƙasa ba ya sake taɓa gilashi sai an wanke shi. Ina wanke su su kaɗai, ba tare da maganin laushin tufafi ba domin yana toshe zaren, in shanya su a inuwa, in ajiye su a cikin leda mai rufewa. Guda biyu sun yi kaɗan ga wanda baburinsa yake da babban gilashin gaba, kuma bai dace a goge hula da ƙyallen da ya taɓa tanki ko kusa da sarƙa ba. Murfin kwalbar ma ba shi da makulli, yana iya dannuwa a cikin jaka ya jiƙa kaya, kuma maganin yana saurin ƙarewa idan ana bin gilashin gaba da shi kullum. Idan wannan ta ƙare zan sake sayen ƙaramar kwalba domin doguwar tafiya, in haɗa ta da gorar ruwan ɗauraya, amma ƙyalle zan ƙara da yawa, in ware wa hula nata masu launi daban.